Gurbin Doki Biyu, Nauyin Doki Ɗaya: Yadda Na Auna Motar Dawaki Kafin In Saya

Yawancin ƙananan motocin ɗaukar dawaki da ake sayarwa a Ingila gurbin doki biyu gare su. Idan ka sauke ƙofar gefe za ka ga katanga a tsakiya, wurin tsayuwar doki ɗaya nan, ɗaya can, da zoben ɗaure ragama biyu, da wurin rataye ragar ciyawa biyu. Duk wanda ya ga haka zai ɗauka ya samu motar dawaki biyu. Sai dai dokar hanya ba ruwanta da yawan gurbi, nauyi take dubawa. Ga irin wannan mota iyakar ita ce kilo 3,500, kuma a cikin wannan adadi akwai ita kanta motar, da man da ke tanki, da direba, da duk wanda ya zauna kusa da shi, da dawakin, da sirdi, da ruwan sha, har bokiti. Abin da ya rage bayan an cire nauyin motar ita kaɗai shi ne rabonka, kuma shi na bi sawu ɗaya bayan ɗaya kafin in biya kuɗin motar da muke shiga yanzu.

Lasin tuƙi ne ya sa wannan lamba ta zama katanga. A Birtaniya, wanda ya ci jarrabawar tuƙin ƙaramar mota daga ranar 1 ga Janairu, 1997 zuwa yau lasin rukunin B ake ba shi, kuma ikonsa ya tsaya kan motar da cikakken nauyinta da kayanta bai wuce kilo 3,500 ba. Waɗanda suka ci jarrabawa kafin wannan rana galibi suna da ƙarin rukunin C1 a bayan katinsu, wanda ya kai su har kilo 7,500. Ni ina cikin 'yan baya, haka ma mafi yawan masu dawakin da nake haɗuwa da su a barga. Wannan kasuwa ce masu ƙera motocin suka hango. Sukan ɗauko motar kaya irin su Renault Master, Vauxhall Movano, Fiat Ducato ko Peugeot Boxer, su bar gaban da injin, su gina ɗakin dawaki a baya. Maƙerin kullum yana tsakanin abu biyu: idan ya ƙarfafa bangon da ya raba doki da direba, ya sa ƙasa mai kauri da ƙofa mai ƙwari, motar ta yi nauyi, rabon kaya ya ragu, idan kuma ya rage ƙarfe don rabon ya yi yawa, sai ka tambayi kanka me zai tare doki mai rabin tan ranar da aka taka birki da ƙarfi. Shi ya sa akasarinsu rabon kayansu yake kaiwa da komowa a kusa da tan ɗaya, wasu tsofaffin ma ba su kai ba.

Dawakinmu biyu ne. Nawa dandaƙaƙƙen doki ne mai jinin Ayalan, tsayinsa santimita 165 a tudun kafaɗa, sai goɗiyar 'yata, 'yar asalin Connemara, wani yanki na ƙasar Ayalan, mai santimita 147. Burinmu shi ne mu riƙa fita tare da su biyun a mota ɗaya. Motar da na samu ta hannu ce, tsaf da ita, kuma tallar ta ce tana ɗaukar kilo 1,150. Abin da na fara tambayar matar da ke sayarwa shi ne takardar sikeli. Ta ce ba ta da ita, wannan adadin shi ne wanda maƙerin ya faɗa lokacin da motar take sabuwa, ita kuma doki ɗaya take ɗauka, don haka ba ta taɓa damuwa ba. Na yarda da ita, ban ga alamar tana ɓoye wani abu ba. Na ce mata gani ya kori ji, ko za ta amince mu kai motar a auna, ni zan biya kuɗin awo in kuma cika mata tanki? Nan take ta amince. A ganina wannan amincewa kanta ma'auni ce: mai sayarwar da ya ƙi a hau sikeli da motarsa, gara ka gaishe shi ka wuce.

Kafin mu tashi na nemi ɗan farantin ƙarfen da ke ɗauke da lambar motar. A wasu motocin yana jikin ginshiƙin ƙofa, a wasu yana ƙarƙashin murfin inji. Lambobi huɗu ne a jere. Ta farko 3,500, iyakar nauyin motar da kayanta. Ta biyu 6,000, wato motar haɗe da tirelar da take ja. Ta uku, mai lamba 1 a gabanta, 1,850, iyakar abin da ƙafafun gaba za su ɗauka. Ta huɗu, mai lamba 2, ita ce 2,100 ta ƙafafun baya. A nan mutane da yawa suke ruɗewa, domin idan ka haɗa na gaba da na baya za ka samu 3,950, sai mutum ya zaci yana da rarar kilo 450. Babu wannan rarar. An bar tazarar ne don kaya su iya karkata gaba ko baya ba tare da an karya doka ba. Iyakoki uku ne daban-daban, na jimilla da na gaba da na baya, kuma ƙetare kowanne daga cikinsu laifi ne mai zaman kansa.

Samun sikelin bai yi wuya ba. Shafin gwamnati na intanet yana nuna wa mutum hanyar zuwa jerin sikelin motoci na jama'a da ƙaramar hukumarsa ta sani, kuma masu aiki a kansu suna riƙe da shaidar sashen kula da awo da ma'auni. Galibi za ka same su a wurin masu sayen tsohon ƙarfe, ko wurin fasa dutse, ko ɗakunan ajiyar hatsi. Na buga waya tukuna, saboda wasu manyan motocinsu kawai suke aunawa, kuma na tambaya ko za a yarda in auna gaba daban, baya daban. Wanda muka je na masu hatsi ne.

Yadda za ka shirya motar kafin awo shi ne rabin aikin. Na cika tanki har wuya, saboda ba wanda yake tafiya mai nisa da doki da rabin tanki. Na bar duk abin da ba ya fita daga motar: katangar tsakiya, shimfiɗar roba ta ƙasa, tayar ko-ta-kwana da jak, abin kashe gobara. Muka kwashe tarkacen matar, tsofaffin barguna da igiyoyi da wani buhun abincin doki da aka manta a ma'ajiyar baya. Sikelin wani dogon faranti ne na ƙarfe daidai da ƙasa, da ɗan ɗaki mai taga a gefensa. Mai sikelin, wani dattijo da rigar aiki mai ɗaukar ido, ya fito ya yi mini nuni da hannu in hau a hankali har tayoyi huɗun su zauna a kan farantin. Ya ce, "Maigida, ka ja birkin hannu, ka kashe inji, ku fito dukanku ku tsaya a kan kankare. Ƙafarka ɗaya ta taɓa farantin nan, da kai zan auna." Muka koma gefe. Jajayen lambobin da ke jikin tagar suka yi ta rawa, suka tsaya a kan 2,520.

Daga nan ya sa na ja baya har tayoyin baya suka sauka daga farantin, na gaba kaɗai suka rage: 1,440. Na matsa gaba har na gaban suka wuce: 1,080. Ya gargaɗe ni cewa irin wannan sikeli da kilo ashirin-ashirin yake tafiya, domin an yi shi ne don motoci masu tan arba'in, don haka kada in riƙe lambar kamar ta ɗakin gwaji, in bar wa kaina sarari. Ya buga takarda mai kwanan wata da lambar motar, ya sa hannu, na biya fam goma.

Lissafin ba ya buƙatar na'ura. A cire 2,520 daga 3,500, saura 980. Tallar ta ce 1,150, ga giɓin kilo 170. Muka tsaya da matar a bakin ƙofar wurin muna neman inda suka shige, kuma kusan duka muka gano su. Tankin lita 80 ne, lita ɗaya ta dizal kuwa ta ɗan haura gram 830, don haka cikakken tanki ya doshi kilo 67, maƙera kuma sau da yawa da ɗan mai kaɗan suke aunawa. Tayar ko-ta-kwana da jak sun kai wajen 30. Bayan ta sayi motar ta sa an ɗaura mata ƙugiyar jan tirela, ta ƙara shimfiɗar roba mai kauri a ƙasa da jikin bango saboda dokinta mai harbi ne, ta sa batir na biyu don fanka da kyamara, ta kuma sa akwatin ajiye sirdi. Kowanne da kyakkyawan dalilinsa, kowanne kuma ya ci daga rabon doki. Ba wanda ya yi ƙarya. Lambar tsohuwa ce kawai, motar ta yi ƙiba ta bar ta a baya.

Sai ɓangaren da ya fi ba ni mamaki, wato nauyin dawakin kansu. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan doki dai ido yakan gaza, kuma ƙasa yake yankewa. Na tambayi mutanen barga, waɗanda suka shekara da shekaru da dawaki, nawa suke ganin dokina zai kai, kusan kowa ya ce ɗari biyar. Na ɗauko tef ɗin awon doki, wanda ake zagaya ƙirji da shi daga bayan tudun kafaɗa zuwa inda majayi ke zama, ya nuna 540. Na gwada lissafin da wasu masu bincike, Carroll da Huntington, suka wallafa a 1988: ka auna zagayen ƙirji da santimita, ka ninka shi da kansa, ka ninka da tsawon jiki daga ƙashin kafaɗa zuwa ƙashin ɗuwawu, sannan ka raba da 11,877. Ƙirjinsa 196, tsawonsa 172, amsar ta fito 556. Uku ke nan, kowanne da bakinsa.

Abin da ya raba gardama shi ne sikelin dabbobi. Kamfanonin abincin dawaki sukan turo ma'aikatansu barga-barga da sikelin tafi-da-gidanka, asibitocin dabbobi ma suna da shi, kuma mun yi sa'a ana jiran zuwan ɗaya a bargarmu. Faranti ne mai shimfiɗar roba, bai fi taku ɗaya daga ƙasa ba. Dokina ya tsaya ya sunsuna shi, ya yi huci, ya sa ƙafar gaba ɗaya ya janye. Na zagaya da shi na dawo, wannan karon ya hau, ma'aikaciyar ta jira har ƙafafu huɗun suka daidaita ya daina motsa kai. Kilo 580. Goɗiyar ta hau ba gardama, 430. Wanda bai samu irin wannan sikeli ba yana iya auna motar babu doki, ya sake aunawa da doki a ciki, bambancin shi ne nauyinsa. Sanin wannan lamba yana da wani amfanin ma, domin da ita ake ƙayyade maganin tsutsar ciki, kuma wanda yake ba dokin kilo 580 maganin kilo 500 ya daɗe yana rage masa. Ma'aikaciyar ta ƙara tuna mini cewa lambar ba a tsaye take ba: idan sabuwar ciyawa ta fito a bazara doki yakan ƙara kilo gommai cikin 'yan makonni.

Kayan tafiya kuwa a gida na auna su da sikelin banɗaki, in hau da kaya a hannu, in hau babu, in cire. Sirdi biyu da likkafunsu kilo 15. Jarka biyu ta ruwa masu lita ashirin-ashirin sun haura 40, tunda lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ga nauyin jarkar. Ragar busasshiyar ciyawa biyu 12. Sauran, linzamai da ragamomi, bargunan rufe doki, takalman kare ƙafa, hulunan kwano, akwatin taimakon gaggawa na mutum da na dabba, bokitai, cebur da tsintsiya, akwatin burushi, abincinmu da rigunan ruwa, su suka cike jimillar zuwa 110. Ban sa komai na alatu ba. Fasfon dawakin ne kaɗai ban auna ba, shi kuwa doka ta ce dole ya bi doki duk inda za a kai shi. Ni kilo 85 ne da takalmi, 'yata 50.

Na zaunar da ita muka yi lissafin tare, domin ita ce abin zai fi shafa. Dawaki biyu 1,010. Tun a nan an wuce 980 da kilo 30, alhali ba wanda ya shiga ya riƙe sitiyari. A ƙara mu biyu, 135, a ƙara kaya, 110, jimilla 1,255. Motar za ta hau titi da kilo 3,775, ƙarin 275, kusan kashi 8 cikin 100. Ta yi shiru tana duba takardar, can ta ce, "Abba, to idan muka bar ruwan da ciyawar, kuma Umma ta biyo mu da sirdin a ƙaramar mota, ni ma in bi ta?" Na ce, "Ummi, cire su duka mu gani." Ta cire 110, ta cire 50 nata. Saura dawaki da ni kaɗai, 1,095, har yanzu ƙarin 115. Ko da a kan lambar tallar ce, 1,150, abin da zai rage bayan dawaki da direba kilo 55 ne, bai isa ita da sirdinta ba. Ta ajiye biro. Na ji zafin abin a raina, don ta daɗe tana ɗokin wannan fita, amma na fi so ta ga amsar da idonta da a ce ni na hana.

A barga an ba ni shawarwari iri-iri, wanda aka fi maimaitawa shi ne kowa yana yi, kuma ba a cika tare motar dawaki ba. Ana tarewa. Hukumar DVSA, wadda aka kafa a 2014 don kula da ingancin direbobi da motoci, tana da wuraren awo a gefen manyan hanyoyi, jami'anta da 'yan sanda kuma suna da ikon juya ka zuwa sikeli. Tarar nan-take tana hawa ne bisa yawan ƙarin: fam 100 idan bai kai kashi 10 cikin 100 ba, fam 200 daga kashi 10 zuwa ƙasa da 15, fam 300 daga 15 zuwa sama, idan kuma ya kai kashi 30 sai kotu. Jami'an sukan ɗaga ƙafa idan ƙarin bai wuce kashi 5 ba, wato kilo 175 a irin wannan mota, kuma na ji masu lissafa wannan a matsayin ƙarin rabo. Sassauci ne na jami'i saboda kuskuren awo, farantin motarka bai canja ba. Mu dai ko da shi mun wuce.

Tarar ma ba ita ta fi tsaya mini a rai ba. Jami'in yana da ikon hana motar motsawa har sai an rage kayan. Mai ɗauke da buhunan siminti zai sauke goma a gefen hanya ya dawo ya ɗauka. Mai dawaki biyu fa? Sai ya nemi wata motar ta zo, dabbobin suna tsaye cikin ɗaki mai zafi suna gumi suna buga ƙafa, sannan a sauke ɗaya a wurin da manyan motoci ke wucewa da ƙara a mayar da shi wata motar da bai sani ba. Duk wanda ya taɓa riƙe ragamar dokin da ya firgita ya san abin da nake nufi. Bayan wannan akwai inshora, domin idan aka yi haɗari aka gano motar ta wuce nauyinta, kamfani yana iya ƙin biya.

Ko da babu jami'i ko ɗaya a hanya, lambar da ke kan farantin ba don ado aka buga ta ba. A kanta aka gwada birki, da sifirin, da tayoyi. Ƙarin nauyi yana tsawaita nisan da mota ke ci kafin ta tsaya, yana sa birki ya yi zafi a gangara, yana sa taya ta yi zafi har ta fashe. Doki kuma kaya ne mai rai. Nauyinsa a sama yake, kan dogayen ƙafafu, kuma a kowace kwana da kowane shataletale yana jingina yana gyara tsayuwa, wani lokaci daidai lokacin da motar ke karkata. Idan sifirin ya riga ya danne har ƙasa saboda lodi, babu sauran abin da zai shanye wannan motsi, sai jikin motar ya yi ta tangaɗi, dokin ya ƙara kokawar tsayuwa, tangaɗin ya ƙaru. Dabbar ba ita ta zaɓi shiga ba, mu muka ja ta muka rufe ƙofa, don haka haƙƙinta yana wuyanmu.

Na sayi motar, amma a matsayin motar babban doki ɗaya, kuma takardar sikelin ta taimaka wajen ciniki, matar ta yi ragi ba tare da jayayya ba. Ta kuma ce za ta so a ce ta san lambar tun da farko. Da motar ta zama tawa na koma wurin dattijon da lodi na gaskiya: dokina, ni da 'yata, cikakken tanki, da kayan doki ɗaya. Dokar zirga-zirga ta 1988 ta ba da kariya ga wanda ke kan hanyarsa ta zuwa sikeli mafi kusa don ya auna lodinsa, amma ban ga dalilin loda su biyun ba tunda takarda ta riga ta ba da amsa. Na sa dokin a gurbin dama, bayan direba, saboda a nan ana tuƙi ne ta hagu kuma titi yana gangarawa zuwa gefen hagu don ruwa ya wuce, nauyin da ke dama shi ke daidaita motar. Wannan karon muka zauna a ciki. Jimilla 3,320. Gaba 1,700, baya 1,620.

Waɗannan lambobi biyu na ƙarshe sun koya mini abin da jimillar ba ta nuna ba. Na zaci baya ne zai fara cika, tunda a irin wannan mota doki yana fuskantar baya ne, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafunsa na gaba yake. Ashe baya yana da sauran kilo 480, gaba kuwa 150 kacal. Inji da giya da tankin mai da mutane duk a gaba suke, ga ɗuwawun dokin dab da bangon da ke bayan kujerunmu. Wani babban mutum ya shiga kujera ta uku, an cinye fiye da rabin wannan sarari. A wata motar mai dogon baya da ma'ajiya a ƙarshe abin yana iya juyawa, shi ya sa ba za ka ari lambar motar wani ba ko da iri ɗaya ce da taka. Tun daga ranar jarkokin ruwa a ma'ajiyar baya suke zama.

A wannan zuwan na duƙa na karanta jikin tayoyin. Bayan lambar girman taya akwai harafin C, alamar tayar motar kaya, sai lamba 112, wadda ke nufin kowace ɗaya tana ɗaukar kilo 1,120 idan iskarta ta cika yadda aka ƙayyade. Biyu na baya 2,240 ke nan, sun rufe 2,100 na farantin. Akwai kuma lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi tayar, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Motar dawaki ta fi zama a ajiye fiye da tafiya, don haka tayarta takan tsufa ta tsattsage alhali zanenta yana nan kamar sabo. Biyu daga cikin nawa sun tsufa, na canja su. Na kuma sa bakanike ya ɗaga shimfiɗar roba ya duba ƙasan, saboda fitsarin doki yana cin katako da ƙarfe a ɓoye.

Da kilo 980 akwai abin da ake iya yi. Babban dokin shi kaɗai da mu biyu da kaya yana barin sararin kusan 180. Goɗiyar tare da wani ɗan kuru na ƙawar 'yata mai kilo 230 sun zama 660, da mu da kaya 905, suna shiga. Na rubuta waɗannan haɗe-haɗen a kati na manna a bayan abin tare rana, tare da kwafin takardar sikelin, don duk wanda ya ari motar ya san iyakarta kafin ya sauke ƙofa.

Maganar fita da dawakinmu biyu tare kuwa hanyoyi uku na duba. Ta farko tirela. Tun daga 16 ga Disamba, 2021 mai lasin B a Ingila, Sukotlan da Wales yana iya jan tirela mai nauyin da ya kai kilo 3,500 ba tare da wata jarrabawa ba. Amma tirelar dawaki biyu ita kaɗai tana kusan tan ɗaya, da dawakinmu ta doshi tan biyu, ƙaramar motarmu ta gida kuma ba a ƙera ta don jan haka ba. Ta biyu babbar mota mai tan bakwai da rabi, wadda ta fi ƙarfin aljihuna da wurin ajiyarmu, kuma su ma ba a raina su da wannan matsala, wasu ɗakin kwana da kicin sun cinye rabonsu. Ta uku ita ce a ɗaga darajar wannan motar zuwa kilo 3,900. Akwai injiniyoyin da aikinsu ke nan: su duba ko ƙirar motar ta yarda, su ƙara jakar iska a sifirin baya idan da buƙata, su ba da sabon faranti, a sanar da DVLA, hukumar lasin tuƙi da rajistar motoci, ta gyara takardar motar. Da zarar ta haura 3,500 sai ta koma tsarin gwajin shekara-shekara na manyan motoci, direbanta kuma sai da C1.

Ita na zaɓa. Na cike fom ɗin D2 na neman lasin koyo, likita ya gwada idona da hawan jinina ya cike D4, yanzu ina karatun jarrabawar rubutu da ta hango haɗari kafin ta tuƙi. A lissafi, 3,900 a cire 2,520 ya bar 1,380, ban da ɗan nauyin kayan da za a ƙara, mu kuma 1,255 muke buƙata, sararin ya ɗan haura ɗari. Injiniyan da na yi magana da shi ya ja hankalina ga ƙafafun gaba, domin aikin da zai yi a baya ba zai taɓa 1,850 ɗin nan ba. Da ya duba takardun awona ya ƙiyasta goɗiyar za ta ƙara wa gaba wajen kilo 130, wato 1,830, saura 20, daidai da taku ɗaya na sikelin. Ya ce kafin ya kwance ko noti ɗaya in koma in auna motar da goɗiyar ita kaɗai a gurbin da za ta riƙa tsayawa, ya ga ainihin abin da take ɗora wa gaba, kuma ko an yi aikin, kujera ta uku ba ta kowa ba ce ranar da dawaki biyu ke ciki. Kafin a kai ga haka, ranar da za mu fita tare goɗiyar tana bin motar wata maƙwabciyarmu a barga wadda ke da C1 tun kafin 1997, mu raba kuɗin mai.